Sai da satifiket ake huda ƙwallon bolin a gida? Ina neman shawara

Bakatsine_TX:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san kan harkar kasuwanci a nan Amurka. Yau shekara 6 ke nan ina buga bolin, wasan nan da ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan dogon layi don a kayar da kwalabe goma, a lig, wato gasar ƙungiyoyi, duk daren Talata a nan Hiyuston ta jihar Teksas, kuma abin ya shiga raina sosai. To akwai wani dattijo Bature da ke da shagon huda ƙwallo a gidan bolin ɗin da muke zuwa, zai yi ritaya ƙarshen shekara, ya ce zai sayar min da injin hudarsa da mariƙin ƙwallon da ƙarafunan hudar da ma'aunai duka a dala 1,800. Ni kuma ina da gareji babu komai a ciki sai tarkace, sai na yi tunanin in riƙa huda wa mutane ƙwallo a gida da yamma da ranakun Asabar, tunda aikina na dare ne. Abin da ya ɗaure min kai shi ne wani abokin wasana ya ce ba a yin wannan sana'ar sai da satifiket, wani kuma ya ce ba ruwan kowa da kai. Shin dole ne sai na yi satifiket ɗin, ko kuwa? Ba na son in zuba kuɗi in zo ina da na sani.

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Ku yi haƙuri da tambayata, wai huda ƙwallo kuma? Ni na ɗauka da ramukansa ake sayo shi, don duk wanda na taɓa ɗauka in mun kai yara da ramuka uku na gan shi.

Bakatsine_TX:
Hajiya waɗancan na gidan ne, na kowa da kowa, shi ya sa za ki ga ramin ko ya yi miki yawa ko ya matse ki. Wanda mutum zai saya nasa na kansa a shafe yake zuwa, sumul ba rami ko ɗaya, sai an auna hannunki an huda daidai yatsunki. Kamar dai ki sayi shadda ki kai wa tela.

Injiniya_Ohayo:
Amsa a taƙaice Malam Bakatsine: a'a, ba dole ba ne. Huda ƙwallon bolin ba ya cikin sana'o'in da gwamnati ke ba wa lasisi irin aski ko aikin wutar lantarki ko aikin jinya. Satifiket ɗin da abokinka yake nufi na wata ƙungiya ce ta masu shagunan da masu koyarwa, IBPSIA, kuma na ganin dama ne, ka je ka yi kwas na 'yan kwanaki a koya maka awo da huda a gwada ka a ba ka takarda. Ita kanta USBC, hukumar bolin ta Amurka da ke tsara dokokin wasan tun 2005 ba ta tambayar wa ya huda ƙwallo, abin da take dubawa shi ne ƙwallon yana cikin jerin waɗanda ta amince da su kuma hudar ba ta saɓa ƙa'ida ba. Su biyun ma duk a jiharku suke, a Alinton, tafiyar awa 4 ce daga wajenka.

Bakatsine_TX:
Alhamdu lillahi, na gode Injiniya. Ke nan zan iya farawa kawai.

Injiniya_Ohayo:
A'a tsaya tukuna, ban ce haka ba fa. Na ce doka ba ta tilasta maka satifiket ɗin huda ba, ban ce ka iya huda ba. Ka taɓa huda ko ɗaya da hannunka?

Bakatsine_TX:
Gaskiya ban taɓa ba, amma na sha tsayawa ina kallon dattijon yana yi, kuma na kalli bidiyoyi da yawa a YouTube.

Baba_Sule58:
Yaro bari in ba ka labari ka ji. Na zo ƙasar nan kai wataƙila kana goye, kuma na yi shekara 9 ina aiki a irin shagon nan a Mishigan kafin gwiwa ta zaunar da ni. Wata 7 na farko maigidana bai bar ni na taɓa sabon ƙwallo ba. Aikina shara, goge ƙwallo, cike tsofaffin ramuka da ruwan roba in jira ya daskare in kankare, sannan ya ba ni tsofaffin ƙwallayen da aka zubar ya ce in huda in cike in sake hudawa har sai ƙwallon ya koma kamar rariya. Ranar da ya fara ba ni hannun mutum in auna kuwa, wata tsohuwa ce mai ciwon gaɓɓai, babban yatsanta ba ya miƙewa. Na auna da ma'auni na rubuta lambobi ina jin na gama, sai ya zo ya kama hannunta ya lanƙwasa yatsan a hankali baya da gaba yana kallon fuskarta, ba ya ko kallon ma'aunin, inda ta ɗan yamutsa fuska ya tsaya, ya karɓi fensir ya soke lambobina ya rage tazarar da ke tsakanin ramin babban yatsa da na sauran yatsun ya canja karkatar ramin. Matar nan ta ci gaba da wasanta shekaru. Da an bi lambobina da ba ta ƙara mako biyu ba. Wannan shi ne sana'ar, injin kowa zai iya danna shi ƙasa. Ba a koyonsa a bidiyo, kuma ban yarda ana koyonsa a kwas ɗin kwana uku ba.

Zongo_Bronx:
Baba Sule Allah shi ƙara lafiya, magana ta fito. Mu a Kumasi wanzami ba shi da takarda ko ɗaya amma ba ka kai ɗanka wurin wanda bai zauna gaban ubangida ba.

Hauwa_CPA:
Yaya Bakatsine ni ban san komai a kan ƙwallo ba amma takardu aikina ne, kuma ina ganin kun tsallake inda matsalar take. Satifiket ɗin huda daban, takardun kasuwanci daban, kuma na biyun su ne na dole. A Teksas in za ka sayar da kaya, ko da robar yatsa ce ta dala 5, sai ka karɓi izinin karɓar harajin saye daga ofishin kwanturolan jiha, kyauta ne ba a biya, harajin jiha kashi 6.25 ne, da na birni da sauransu yakan kai 8.25. In za ka yi amfani da wani suna ba naka ba sai ka yi rajistar sunan a ofishin akawun gunduma. In kana son LLC, wato kamfanin da ke raba dukiyarka da bashin sana'ar, kuɗin rajistarsa dala 300 ne a Teksas. Lambar EIN kuma, wato lambar harajin kasuwanci, a shafin IRS, hukumar haraji ta tarayya, ake karɓa kyauta, kada ka yarda da shafukan da za su caje ka a kanta. Sannan daga ranar da ribarka ta kai dala 400 a shekara dole ka bayyana ta, kuma akwai harajin mai aikin kansa kashi 15.3 bayan harajin kuɗin shiga. Mutanenmu da yawa suna raina wannan, su ce ai ɗan abu ne nake yi a gareji kuma hannu da hannu ake biyana, sai ranar da suka zo neman bashin gida ko gyaran takardun zama a fara tambayoyi.

DanDaura82:
Anti Hauwa ta faɗi gaskiya, kuma in ƙara, ba kowa ne ma yake da damar yin sana'ar gefe ba. Ɗalibi mai biza F-1 bai da izinin buɗe harka yana aiki a cikinta haka kawai, mai H-1B ma ga kamfanin da ya ɗauko shi kaɗai zai yi wa aiki. Na faɗa ne saboda yaran da ke karantawa a nan kada wani ya ga abin ya ba shi sha'awa ya jefa kansa.

Bakatsine_TX:
Ta wannan ɓangaren ba matsala, na samu takardar zama ɗan ƙasa tun 2017. Amma na gode da tunatarwar. Hajiya Hauwa zan biyo ki ta bayan fage in sha Allah.

Sani_Katy:
Maƙwabci, tunda a Hiyuston kake, ka san garin nan ba shi da dokar rabon unguwanni irin ta sauran manyan birane, shi ya sa za ka ga shagon taya a jikin gidan mutum. Amma kada wannan ya ruɗe ka, abin da ke cizo a nan shi ne sharuɗɗan da ke cikin takardar gida da kuma HOA, wato ƙungiyar masu gidajen unguwa. Matata ta fara ɗinki a gida, mata suna zuwa awo, motoci biyu uku a bakin titi ranar Asabar, wata biyu ba a yi ba sai ga wasiƙa, ta biyu kuma da tara a ciki. Wata maƙwabciya ce ta kai ƙara ba mu ma san ta damu ba, kullum muna gaisawa. Ka ɗauko takardun gidanka ka karanta kafin ka ba dattijon nan ko sisi. In haya kake kuma ka tambayi mai gidan a rubuce.

Bakatsine_TX:
Gidana ne, kuma akwai HOA wallahi. Zan duba yau da dare.

Kano2Dallas:
Ni dai ban yarda da Baba Sule ɗari bisa ɗari ba, da girmamawa Baba. Zamaninku akwai iyayen gida da za su riƙe yaro wata 7 suna koya masa, yanzu ina suke? Yawancin shagunan mutum ɗaya ne a ciki yana fama da haya, kuma wa zai koya maka sana'a alhali ya san gobe za ka buɗe a garejinka ka kwashe masa kwastomomi? Ni na yi kwas ɗin IBPSIA kuma ban yi asarar kuɗina ba. Ba wai na fito na zama gwani ba, amma na fito na san dalilin abu. Kafin nan ina ganin ana zana layuka da fensir mai maiƙo a jikin ƙwallo ban san me ake nema ba. A can na gane cewa cikin ƙwallon akwai ƙwaya mai nauyi wadda ba lallai ta zama zagayayya ba, ɗigon nan mai launi da ke jikin ƙwallon shi ke nuna maka saman ƙwayar, kuma kowane ɗan wasa yana da wurin da ƙwallonsa ke juyawa a kai gwargwadon yadda yake sakinsa, sai ka sa shi ya jefa ka duba zanen da man da ake shafa wa layi ya bari a jikin ƙwallon kafin ka gano wurin. Nisan ɗigon daga wannan wurin shi ke sa ƙwallo ya lanƙwasa da wuri ko ya yi nisa kafin ya karyo. Tsofaffi da yawa sun iya awon hannu fiye da kowa amma wannan lissafin sun tsaya a na zamanin da, ƙwallayen yanzu kuma tun da aka shigo da fatar rezin, wato sabon irin rufin bayan ƙwallo, a farkon shekarun 1990 ba irin na da ba ne.

Baba_Sule58:
Ɗana ban ce karatu banza ba ne, ni ma da na samu da na je. Abin da nake tsoro shi ne mutum ya rataya takarda a bango ya ɗauka ya gama. Ka faɗa min tsakaninka da Allah, ƙwallo nawa ka ɓata bayan ka dawo da takardar?

Kano2Dallas:
Huɗu Baba, biyu na biya da kuɗina. Ɗaya na manta ban juya awon ba, mutumin bahago ne na huda masa na mai dama.

Baba_Sule58:
To ka gani. Allah ya yi maka albarka da ka faɗi gaskiya.

Ummu_Sudais:
Ni ta ɓangaren mai kai ƙwallo zan yi magana. Ɗana yana ƙungiyar bolin ta makarantarsu, muka saya masa ƙwallo a intanet don ya fi araha, shagon gidan bolin suka ce in ba a wurinsu aka saya ba kuɗin huda dala 60 ne ban da robobin yatsa, sai wata ta haɗa mu da wani mai yi a gida rabin kuɗin. Mutumin kirki wallahi, har ruwa ya ba mu. Amma bai sa yaron ya jefa ko sau ɗaya ya gani ba, ina ma zai jefa a gareji? Ya auna ya huda muka tafi. Sati biyu babban yatsan yaron ya yi bororo ta gefe ya fashe, ya riƙa naɗe shi da filasta yana ɓoye min don kada in hana shi wasa, ranar da na gani naman wurin ja wur har ya fara ruwa, ga wuyan hannu yana ciwo in zai ɗauki jakar makaranta. Kocinsu ya duba ya ce tazarar ta yi masa tsawo kuma ba a goge bakin ramin ba, yaron yana matse ƙwallon da ƙarfi ne don kada ya suɓuce. Sai da muka koma shagon da muka gudu muka biya kuɗin cikewa da na sabuwar huda. Tun daga nan in ban ga takarda a bango ba ba na miƙa hannun ɗana. Na san takarda ba ita ce iyawa ba, amma ni da ban san komai ba da me zan gane wanda ya iya?

Injiniya_Ohayo:
Wannan tambayar ta Ummu Sudais ita ce amfanin satifiket ɗin gaba ɗaya. Mai shago a cikin gidan bolin yana da layi a bayansa da mutanen da suka san shi shekara da shekaru, kai mai gareji ba ka da ko ɗaya, to me za ka nuna wa baƙo?

Zongo_Bronx:
Allah shi ba yaron lafiya. Amma Hajiya wanda ya ɓata hannun ɗanki kin tabbata ba shi da takarda? Wataƙila tana cikin durowa.

Ummu_Sudais:
Ban tambaye shi ba gaskiya.

Malam_Nura_MD:
Ku gafarce ni in ɗan karkata. Ɗan'uwa Bakatsine, ita wannan lig ɗin da kuke yi ba kuɗi ake zubawa wanda ya ci ya kwashe ba? Don na taɓa raka wani abokin aiki na ga ana zagayawa da takarda ana karɓar dala biyar biyar, ga kuma giya a kan kowane tebur. Ina tambaya ne don in sana'a za ka gina a kai ya kamata ka san matsayinta.

Bakatsine_TX:
Malam tambayarka a kan hanya take. Kuɗin lig na mako akwai na hayar layi akwai wanda ake tarawa a raba kyauta a ƙarshen kaka, shi kuma wanda ka gani ana zagayawa da shi na gefe ne, na ganin dama, ni ban taɓa sa ko dala ɗaya a ciki ba kuma abokan wasana sun san ba na sha, har sun daina tayi. Na kyautar ƙarshen kakar ne nake da ɗan waswasi a kai, na yi niyyar tambayar limaminmu. Amma huda ƙwallo ai aikin hannu ne, yawancin masu zuwa yara ne 'yan makaranta da tsofaffi masu motsa jiki.

Malam_Nura_MD:
Madalla, ka tambaya ɗin. Allah ya sa albarka.

DanDaura82:
Mu dawo kan maganar. Akwai abin da ba a taɓo ba, dokokin USBC suna canjawa kuma mai huda ne ake kamawa da laifi in ƙwallo ya faɗi a awo. Misali daga 1 ga Agusta 2020 an hana ramin daidaita nauyi, wannan ƙarin ramin da ake yi a gefe wanda ba a sa yatsa a ciki. Yanzu duk ramin riƙo da ke jikin ƙwallo dole ka yi amfani da shi a kowace jifa, in ba ka sa babban yatsa to kada a huda masa rami, in akwai a cike. A madadin haka suka sassauta bambancin nauyin gefe da gefe daga oza 1 zuwa oza 3 ga ƙwallon da ya wuce laba 10. Nauyin ƙwallo gaba ɗaya kuma ba ya wuce laba 16, kilo 7 da ɗan ɗoriya. Ka ɗauka yaro ya buga 300 a lig, jifa 12 duk ya share kwalaben, abin da wani zai shekara 30 bai samu ba, a zo a ce ƙwallonsa ya saɓa doka saboda kai ba ka san an canja ba. Da wane ido za ka kalle shi?

Kano2Dallas:
Ga shi kuma yaran yanzu da yawa da hannu biyu suke jifa ba babban yatsa, tun da Jason Belmonte ɗan Ostireliya ya yi ta cin manyan kofuna da salon kowa ya koma can. Tsarin hudarsu daban ne, in wajen dattijon da ya tsaya a salon da kaɗai ka koya za ka sha mamaki ranar da ɗan shekara 14 ya shigo maka.

Baba_Sule58:
Wannan kam gaskiyarka, ni ban huda wa mai hannu biyu ba sai guda ɗaya kafin in bari, kuma sai da na buga waya na yi tambaya.

Hauwa_CPA:
Labarin Ummu Sudais ya tuna min, inshora. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta ɗaukar abin da ya faru ta dalilin kasuwanci. Kwastoma ya zame a garejinka ko ƙwallo mai laba 15 ya faɗo masa a ƙafa ko uban wani yaro ya ce ka lalata hannun ɗansa, kamfanin zai ce ba ruwansa tunda ba ka gaya masa kana sana'a a gidan ba. Ka kira su ka tambayi ƙarin da ake yi wa masu sana'ar gida, ko ka sayi ta kasuwanci daban. LLC kuma ba laya ba ce, in kai da hannunka ka yi kuskuren ana iya bin ka kai kanka. Nan ba gida ba ne da za a ce ƙaddara ce a yafe.

Sani_Katy:
Wallahi kuwa, a gida sai dai a zo da dattawa a ba da haƙuri, nan lauya ne zai fara kiranka.

Gashuwa_Boy:
Ni ina Najeriya ina bin ku da karatu, abin ya burge ni. Mu nan makanike da kafinta da mai walda duk a gaban ogansu suke koya, shekara uku huɗu a yaye su a yi walima, amma in za ka nemi aikin gwamnati ko na kamfani sai an ce kawo tired tes, wato takardar jarrabawar sana'a, na ma'aikatar ƙwadago, mataki na 3 da na 2 da na 1. Ogana ya fi duk masu takardar iya aiki amma ni da na je na yi jarrabawar ni aka ɗauka a kamfani shi yana nan a bakin titi. Don haka yaya in kana da kuɗin ka yi duka biyun, ba a san inda rana za ta faɗi ba.

Injiniya_Ohayo:
Wani abu kuma game da ribar, don kada ka yi lissafin dokin rano. Masu shago ba a huda suke samun yawancin kuɗinsu ba, a sayar da ƙwallo da jaka da takalmi ne. Lokacin da na gwada neman asusun sari a wajen dillalai biyu duk tambayar farko ita ce ina shagonka, turo hoto, da na ce a gida nake ɗaya ya ƙi gaba ɗaya, ɗayan ya ce sai na kawo takardar haraji da shaidar horo. To ka ga inda satifiket ɗin ya sake shigowa ta taga. Sannan garantin kamfanoni irin su Storm da Brunswick da Motiv yana da sharuɗɗa a kan huda, yawanci gadar da ke tsakanin ramukan yatsu biyu kada ta gaza kwatan inci, kada rami ya matso ɗigon nan sosai, kuma a goge bakin ramuka. In ƙwallon dala 200 ya tsage ta wurin hudarka kamfani ya ƙi canjawa, daga aljihunka zai fita, ribar huda huɗu ko biyar ta tafi ke nan.

Baba_Sule58:
Kuma kada ka ajiye ƙwallayen mutane a garejin, zafin Teksas da sanyin dare in suna sauyawa a kansu tsagewa suke yi, na ga wanda ya rabe tun daga ramin yatsa ya zagaye kamar an fasa kankana ba wanda ya taɓa shi. Ka shigar da su ɗaki. Ƙurar hudar nan ma kada ka raina ta, fara ce laushi kamar garin rogo tana shiga ko'ina, ka haɗa injin zuƙa a jikin injin hudar ka sa takunkumi da tabarau, kada yara su shigo kana aiki. Ni tarin da nake yi yanzu ban raba ɗaya biyu ba daga nan ne.

Maman_Ilham:
Ikon Allah, ashe ramuka ukun nan haka suke da zurfi. Allah ya ba Baba lafiya.

Zongo_Bronx:
Ni har yanzu ina kan bakana, takardar kuɗin banza ne in dai akwai mai koya maka. Kuɗin kwas da na jirgi da na otal ka haɗa ka sayi tsofaffin ƙwallaye 30 ka yi ta hudawa, ka fara da naka ka buga da shi wata guda ka ji a hannunka, sannan na abokai kyauta. Mutanen lig ba sa tambayar takarda, tambayarsu wa ya huda maka wannan.

Kano2Dallas:
Shi ba jirgi zai hau ba in aka sa kwas ɗin a Teksas, kuma abokan da za ka koya a hannunsu kyauta su ma hannu gare su ɗan'uwa, ba itace ba ne.

Bakatsine_TX:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Na karanta takardun HOA jiya da dare kamar yadda Malam Sani ya ce, an yarda da ofis a gida amma an hana sana'ar da kwastomomi za su riƙa zuwa, a rubuce ɓaro-ɓaro. Jikina ya yi sanyi wallahi. Da safe na je wajen dattijon na gaya masa komai, sai ya yi shiru ya ce to me zai hana in riƙa zuwa shagon Asabar da Lahadi daga yanzu zuwa Disamba in koya, ba zai biya ni ba ni ma ba zan biya shi ba, in ya ga hannuna ya faɗa zai yi wa manajan gidan magana ko za su ba ni hayar ɗakin bayan ya tafi, injin ma ba sai an ɗaga shi ba. Har ya ba ni ƙwallo ɗaya tsoho ya ce in cike ramukan in kawo ya gani. Na tambaye shi maganar satifiket ya ce shi yana da shi amma shekara 20 ba wanda ya taɓa cewa ya nuna, sai dai manajan yanzu matashi ne mai son takardu.

Baba_Sule58:
Alhamdu lillahi, ka riƙe dattijon nan hannu bibbiyu. In za ka cike ramin kada ka zuba ruwan robar lokaci ɗaya in ramin babba ne, zafi yake yi ya tsage, ka yi shi hawa biyu, kuma ka bar shi ya kwana kafin ka kankare.

Hauwa_CPA:
Hayar ɗaki a gidan bolin ta canja lissafin gaba ɗaya fa Yaya, kada ka sa hannu a komai sai na ga yarjejeniyar, musamman wa ke da alhakin inshora da kuma ko za su riƙa cire kaso a cinikinka.

Ummu_Sudais:
Ni dai ka yi takardar don Allah, ko don irina.

Sani_Katy:
Kano2Dallas kai da kake yi a gida, ya ka yi da taka HOA ɗin? Ko unguwarku babu?

Kano2Dallas:
Babu a tamu, tsohuwar unguwa ce, amma Dalas ba kamar Hiyuston ba ce akwai dokar birni a kan sana'ar gida, sai da na je na karanta. Yawanci ma ni nake zuwa gidan bolin in auna mutum in ga jifarsa, in tafi da ƙwallon gida in huda in dawo masa da shi mako mai zuwa, ba mai zuwa ƙofata. Bakatsine ka duba ko takardarku ta hana wannan ma, don in kwastoma ba ya zuwa wataƙila ba ka karya komai ba. Turo min hoton shafin in gani.